Hawan Dutse Don Nishaɗi: Hutu Ne, Ko Zaman Banza?

A garin Djougou, a arewacin ƙasar Benin, wani tsoho ya ga jikansa yana ɗaura takalmi tun da asuba, ga gorar ruwa a rataye. Yaron ɗalibi ne a Jami'ar Parakou, ya zo gida hutu. Tsohon ya ce, "Ina zuwa haka da sassafe, ɗan samari?" Yaron ya ce, "Kaka, za mu hau duwatsun Taneka ne, ni da abokaina." Ya ce, "Wa ya aike ku?" Ya ce, "Ba kowa." Ya ce, "To, me ake sayarwa a can?" Ya ce, "Ba kome, Kaka. Hawa kawai za mu yi, mu gani, mu sauko." Tsohon ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kakannina sun yi tafiya har tafin ƙafarsu ya tsage, amma ba wanda ya taɓa ɗaga ƙafa sai da dalili. Ku kuwa kun ƙoshi, shi ya sa kuke sayen gajiya da kuɗinku."

Maganar nan ta cancanci a auna ta, gama tambayar da ke cikinta babba ce. Shin daidai ne mutum mai ƙarfi da lafiya ya ɓata yini guda yana hawan dutse, ba noma, ba ciniki, ba saƙo? Amsar kuwa ta shafi yadda ake kimanta mutum, ko da abin da ya ɗauko ne kaɗai, ko kuwa akwai wani ma'auni dabam.

Gaskiyar tsohon

Kada a yi saurin yi wa tsohon dariya, domin tarihi yana bayansa. Djougou, wanda fatake na dā suke kira Zugu, babban zango ne a kan hanyar goro. Ayari yakan tashi daga Kano ko Sakkwato, ya haye Kwara, ya ratsa ƙasar Borgu ta Nikki ko Parakou, ya sauka a Zugu, sa'an nan ya nufi Salaga ta ƙasar Gwanja. Suna tafe da kanwa da tufafi da fata, su komo da goro, zuwa da dawowa kuwa sai an yi watanni. A shekarar 1826 Baturen nan Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kaiama yana komowa daga Gwanja, ya kuma ƙiyasta mutanen cikinsa sun haura 1,000. Ga madugu da jagaba, dutse ba abin sha'awa ba ne. Wuri ne da jaki yake tuntuɓe, da 'yan fashi suke kwanto. Kewaye shi ake yi.

Waɗanda suka hau duwatsun kuwa tsoro ne ya hau da su. Ƙauyukan Taneka Koko da Taneka Beri, kusa da Copargo, kamar kilomita 20 arewa da Djougou, mafaka ce ta mutanen da suka guje wa masu farautar bayi. Sun gina ɗakunansu masu jinka a kan gangare, inda doki ba ya iya sukuwa. Can gaba a duwatsun Atakora, gidajen Batammariba masu bene, waɗanda ake kira tata, an gina su kamar ƙananan ganuwa: dabbobi a ƙasa, rumbu da makwanci a sama, ƙofa ɗaya tak. A 1916 da 1917 ma cikin duwatsun nan ne Kaba da mutanensa suka yi tsayayya da Faransawa saboda aikin tilas da ɗibar soja.

Har yanzu akwai masu bin waɗannan hanyoyi kowace rana ba don suna so ba. Mace mai ɗauke da itace ko ƙwaryar kaɗanya a ka, manomi mai sauko da doya, makiyayi mai neman ruwa da rani, ba ɗayansu da zai ce yana yawon buɗe ido. Idan ɗan birni ya wuce su da takalmi mai tsada yana ɗaukar hoto, ba abin mamaki ba ne su ga kamar ba'a yake yi da wahalarsu. Nan ne ƙarfin maganar tsohon yake, kuma duk mai neman kāre hawan dutse dole ya fara amincewa da shi.

Inda maganar ta gaza

Duk da haka akwai rami a cikin maganar. In tafiya ba ta da daraja sai ta kawo riba, to, gaisuwar mara lafiya fa? Zuwa ta'aziyya fa? Hirar dare a ƙofar gida, wadda tsohon da kansa ba ya fashinta, nawa take kawowa? Bahaushe bai taɓa yarda cewa kome sai da awo ba. Shi ne ya ce tafiya mabuɗin ilimi, bai ce mabuɗin kuɗi ba. Shi ne kuma ya yi wa wanda ba ya iya ajiye damuwarsa ba'a da cewa hutun jaki da kaya a ka.

Amsa mafi sauƙi ita ce hutu yana gyara aiki. Madugu mai hankali yakan bar ayari ya kwana biyu ko uku a zango, in ba haka ba jakuna su mutu a hanya. Likitoci kuma sun tabbatar cewa tafiya da ƙafa tana taimakon zuciya, tana rage hawan jini da ciwon suga, cututtukan da suke yawaita a birane inda mutum yake hawa babur ko da zuwa bakin titi ne. Wannan gaskiya ce, amma ba ta isa ba, gama har yanzu tana ɗaukar mutum kamar jaki da ake hutar da shi domin ya ƙara ɗaukar kaya gobe.

Amsa mafi zurfi tana cikin kalmar da yaron ya faɗa, watau "mu gani." Mutum yana da ido da tunani, ba ƙafa da wuya kaɗai ba. Farke ya bi ta gindin duwatsun nan sau goma, idonsa yana kan mangala, bai taɓa sanin siffar ƙasar da yake ratsawa ba. Wanda ya hau sama bayan ɗaukewar ruwa, a watan Oktoba ko Nuwamba kafin ƙurar hunturu ta rufe sarari, zai ga gonaki da ƙauyuka da hanyoyi a shimfiɗe kamar tabarma. Zai ga cewa garinsa, wanda yake tsammani shi ne duniya, ɗan ɗigo ne. Rigimar iyakar gona da ta hana shi barci, daga can sama ba ya ma iya nuna inda iyakar take. Duwatsun Benin ba su da tsawo ainun, Dutsen Sokbaro na kan iyakar Togo mita 658 ne kawai, amma sun isa su koya wa mutum ƙanƙantarsa. Gangare kuwa ba ya sanin ɗan sarki. Malami da lebura numfashi ɗaya suke ja, gora ɗaya suke miƙa wa juna.

Akwai kuma ilimin da ba a samu a aji. Kogin Ouémé, wanda yake gangarawa kusan kilomita 500 zuwa bakin teku, a yankin duwatsun Taneka yake farawa. Pendjari da Mékrou ma daga Atakora suke fitowa, na biyun har ya faɗa Kwara. Wanda ya tsaya a kan ɗan idon ruwa, ya ga itatuwan da suke riƙe ƙasar da ke kewaye da shi, ba sai an yi masa dogon bayani ba kafin ya gane abin da gawayi da wutar daji suke yi wa mutanen da ke zaune can ƙasa. Gani ya kori ji.

Mai karanta Linjila ya san cewa Yesu yakan hau dutse shi kaɗai, ya kuma taɓa janye almajiransa gefe domin su huta sa'ad da taro ya hana su ko cin abinci. Ba wanda zai ce masa rago. Amma abin lura shi ne kullum yakan sauko, ya koma wurin marasa lafiya da mayunwata. A nan ne ma'aunin yake. Zaman banza gudun aiki ne, mai yinsa yakan tashi da kasala fiye da yadda ya zauna. Hutu na gaskiya kuwa yakan komo da mutum wurin mutane da sanyin zuciya da haƙuri. Ba a gane bambancinsu a kan dutse, sai an sauko.

Kada kuma a ce wannan sha'awar masu kuɗi ce kawai. A Ingila, ranar 24 ga Afrilu 1932, ɗaruruwan mutane, yawancinsu ma'aikata daga Manchester, suka hau tudun Kinder Scout da gangan, wurin da masu ƙasa suka killace domin farautar tsuntsaye. An ɗaure biyar daga cikinsu. Ba ƙoshi ne ya kai su ba. Kwana shida cikin hayaƙin masana'anta ne ya sa suka ga iska da sarari haƙƙinsu ne su ma. A 1949 ƙasar ta yi dokar kafa wuraren shaƙatawa na ƙasa, a 2000 kuma ta buɗe wa masu tafiya da ƙafa tuddai masu yawa. Talaka ma yana da ido.

Sharuɗɗan hawa

Idan an yarda hawan dutse halal ne, bai zama an wanke kowane mai hawa ba. Gaskiyar tsohon tana nan, ta kuma ɗora wa matasa nauyi iri huɗu.

Na fari, dutse yana da masu shi. Taneka gidan mutane ne, da sarakunansu, da kaburburansu, da wuraren da ba a takawa. Ko mutum bai yarda da al'adarsu ba, ladabin baƙo ya wajaba a kansa: ya yi sallama, ya gai da manya, ya nemi izini kafin ya ɗauki hoto, in an hana ya bari. Yankin Koutammakou na Batammariba ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 2004 ta ɓangaren Togo, aka haɗa da ɓangaren Benin a 2023. Wannan girmamawa ce ga mutane masu rai, ba ta mai da su abin kallo ba.

Na biyu, tunawa. Ayarin da ya ɗauki goro ya ɗauki bayi, Salaga kuwa sananniyar kasuwar bayi ce. Jikan fatake da ya hau Taneka yana taka hanyar da waɗansu suka bi da gudu, da 'ya'ya a goye, saboda cinikin da kakanninsa suke da hannu a ciki. Ba a ce ya ɗauki laifin da bai yi ba. Amma wanda ya san wannan zai rage ihu da kiɗa, ya saurari abin da dattawan wurin za su faɗa masa.

Na uku, haƙƙin jagora da ransa. Baƙo yakan ci ciniki har ya matse ɗan abin da jagora zai kai gida, alhali a gidan abinci ba ya tambayar farashi. Haɗarin kuwa ba ɗaya ba ne. A watan Mayu 2019 'yan bindiga suka sace Faransawa biyu masu yawon buɗe ido a gandun dajin Pendjari, suka kashe jagoransu ɗan Benin. An kuɓutar da baƙin a Burkina Faso, sojojin Faransa biyu suka rasa rayukansu wurin ceton. Daga ƙarshen 2021 hare-hare suka ƙaru a kan iyakar arewa. Saboda haka in mutanen gari ko hukuma suka ce kada a bi wata hanya, taurin kai ba jaruntaka ba ce, gama ran wani ake sa wa a caca.

Na huɗu, wa yake biyan hutun? In saurayi ya tafi dutse, ƙanwarsa kuwa tana ɗiban ruwa da wanke-wanke tun safe har dare, ba ta taɓa samun yini ɗaya nata ba, to, nasa hutun a bayanta aka ɗora shi. Mai son hutu na gaskiya zai so shi ga uwarsa, da ƙanwarsa, da yaron shagonsa. Wata rana ya karɓi tulun, wata rana kuma ya tafi da ita ta ga abin da ya gani. Haka kuma ba zai bar leda da gwangwani a gonar wani ba, ba zai kunna wuta ya tafi ba.

Da magariba yaron ya komo, ƙura har gwiwa. Ya durƙusa ya gai da kakansa, ya ajiye masa 'ya'yan ɗorawa da wata tsohuwa ta ba su a ƙauyen. Tsohon bai janye maganarsa ba. Ya dai juya ɗorawar a hannu, ya ce, "Kun gai da sarkinsu?" Yaron ya ce, "Mun gaishe shi, Kaka." Ya ce, "Kun sallami wanda ya kai ku?" Ya ce, "Mun sallame shi, bai yi ƙorafi ba." Tsohon ya gyara zama, ya matsa masa gefen tabarma, ya ce, "To, zauna. Daga can sama ana hango hanyar Gwanja?"