Sauri Ya Haifi Nawa

A Dirin Daji, cikin ƙasar Zuru, an yi wani dattijo manomi mai fama da hawan jini. Ana tsakiyar girbin dawa sai cikinsa ya ɗaure, kwana huɗu bai zaga ba. Ran kasuwa ɗansa ya je kemis ya sayo masa maganin wankin ciki mai gishirin fosfat. Mai kemis ya ja masa kunne: "Sau ɗaya tak a kwana, kuma ya sha ruwa da yawa."

Dattijo ya sha da hantsi. Har azahar shiru. Ya ce, "Kai, ƙaro mini, dawa na jirana a gona."

"Baba, an ce sau ɗaya."

"Cikina ne ko naka?"

Nauyin uba ya hana ɗan musu. Ya ƙara masa, da la'asar ya sake ƙarawa. Kafin isha zawo ya ɓalle, jijiyoyin ƙafa suka riƙa ɗaurewa, fitsari ya ɗauke. Asubar fari aka nufi asibiti a Zuru da shi.

Da aka ɗaura masa ruwa, likita ta kira ɗan gefe. "Malam, maganin ba shi da laifi. Aikinsa janyo ruwan jiki zuwa hanji don ba haya ya yi laushi, shi ya sa ake wanke hanji da shi kafin tiyata ko kafin a leƙa hanji da na'ura. Amma in ya yi yawa jiki kan bushe, fosfat ya taru a jini, ƙoda ta jigata, bugun zuciya ya rikice. A 2014 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa wuce sau ɗaya a awa 24 yana iya kisa. Waɗanda suka haura shekara 55, da ƙananan yara, da masu ciwon ƙoda ko masu shan maganin hawan jini, kada su taɓa shi sai da izinin likita."

Allah ya yi da sauran kwana, dattijo ya tashi, amma sai da ya yi mako biyu a kwance. Maƙwabta ne suka yi gayya suka girbe masa dawar.

Ƙa'idar magani ita ma magani ce. Kuma biyayya ga iyaye ba ta hana ɗa cewa, cikin ladabi, "Baba, a yi haƙuri, mu tambayi likita tukuna."