Injin Daidaita Takardu: Buƙata ko Almubazzaranci?

Injin daidaita takardu ƙaramin inji ne da ake ɗorawa kan tebur. Girgiza yake yi har gefunan takardu su haɗu daidai kafin a ɗinke su. Wasu injinan kan hura iska don raba waɗanda suka manne, musamman da hunturu.

Ko sayensa da kuɗin ofis kyautata aiki ne ko almubazzaranci, abin dubawa ne. Musulunci bai ɗauki takarda da wasa ba: aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umurni ce da rubuta bashi. Alarammomi ma, da ke adana Alƙur'ani falle-falle cikin gafaka, sukan rubuta kalmar farkon falle na gaba a ƙasan wanda ya gabace shi, don kada tsari ya rikice. Sai dai kuɗin jama'a amana ne, buƙata ce kawai ke halatta kashe shi.

Ofishin da ke buga dubban takardun jarrabawa a Birnin Kudu ko Gwaram yana da hujjar saye. Ƙaramar makaranta a wuri irin Unguwar Ya, inda hannu ya wadatar, kabad mai tsare takardu daga gara ya fi mata amfani.