Sauƙin Wa Muke Aunawa?

Idan aka ce mai taɓin hankali ya samu sauƙi, me ake nufi? A nan Mora amsar da na fi ji ita ce: ya daina ihu, yana barci, an kwance masa mari. Wato hutun mutanen gida ne ma'auni. Ni kuwa ina ganin mudun nan bai cika ba, kuma hujjata tana cikin binciken da ya haɗa masana ƙwaƙwalwa da masana homon, sinadaran nan da jiki ke zubawa cikin jini don kai saƙo daga wata gaɓa zuwa wata.

A shekarar 1952 wasu likitoci biyu a Faransa, Jean Delay da Pierre Deniker, suka nuna cewa maganin da aka sani da Largactil yana kwantar da masu jin muryoyi da ganin abin da babu. A 1958 aka haɗa Haldol a Beljiyam. Daga baya aikin masana irin su Arvid Carlsson na Suwidin ya nuna hanyar aikinsu: suna toshe ƙofofin wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna dofamin. To, dofamin ba aiki ɗaya gare shi ba. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙullutu da bai fi ƙwayar wake ba, shi ke fitar da furolaktin, homon da ke kawo ruwan nono, kuma dofamin ne linzaminsa. Da an toshe dofamin, linzami ya kuɓuce. Sai mace ta ga al'adarta ta ɗauke, nono na zuba alhali ba ta goyo, ciki ya yi wuyar shiga. Namiji kuma sha'awarsa ta yi sanyi.

Yanzu a ɗora wannan a kan rayuwarmu. Tun 2014 rikicin Boko Haram ya koro dubban mutane daga Kolofata da Amchide da Kerawa zuwa Mora, da yawansu ɗauke da firgicin da ba ya barin mutum ya rintsa. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne a arewacin Kamaru, tsofaffin magungunan nan masu araha su ne a kusa. A ce matar aure ce aka ɗora a kansu. Hankalinta ya dawo, amma wata huɗu ba ta ga jini ba, gwaji ya ce ba ciki, ga kishiya na haihuwa, ga uwar miji na ƙirga watanni. Sai ta fara ɓoye ƙwayar ƙarƙashin tabarma. Ciwo ya dawo, a ce taurin kai gare ta. Taurin kai ne, ko kuwa lissafi ne na wadda aka ba zaɓi tsakanin hankalinta da ɗakinta ba tare da an gaya mata ba?

Na san abin da za a ce: in an faɗa mata gaskiya tun farko, ƙin sha za ta yi, kuma ciwon na iya kai ta ga halaka. Wannan magana tana da nauyi. A ranar da mutum bai san inda kansa yake ba, dole wasu su yanke masa shawara. Amma wannan rana wucewa take yi. Maganin da ya dawo mata da hankali ya dawo mata da haƙƙin a yi shawara da ita. Kuma ɓoyewar ba ta hana komai, jikinta ne zai ba ta labari, sai dai ta ji shi ita kaɗai cikin tsoro.

Ga shi kuwa akwai mafita. Matsalar kan gushe idan likita ya rage yawan maganin ko ya canja shi. Wasu sababbi, irin su Abilify, ba su cika ɗaga furolaktin ba, ko da yake sun fi tsada. Haɗarin yana ga yankewa farat ɗaya babu shawara.

Saboda haka idan muka kai ɗan'uwa asibiti, bayan mun amsa tambayar ko yana barci, mu ja baya mu bar shi da likita, a tambaye shi abin da maganin ya karɓe masa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.