Zafi ke sauya hali, ko tona shi yake yi?

Sau da yawa mukan ji ana cewa dukiya ta ɓata wane, ko mulki ya sauya wance. Shin gaskiya ne, ko kuwa abin da ke ɓoye ne ya fito fili? Bari mu nemi izina daga wurin da ake haihuwar taurari.

Tauraro yana samuwa ne cikin wani makeken gajimare na iskar gas da ƙura, kamar wanda ke cikin Oriyon, mai nisan tafiyar haske ta shekara wajen 1,350. A farko wurin duhu ne, sanyinsa ya kai digiri 260 ƙasa da sifili. Cikin wannan sanyi iska ke daskarewa a jikin ƴan ƙwayoyin ƙura, sinadarai su yi ta haɗuwa a hankali tsawon dubban shekaru, har a sami ruwa da amoniya da metanol. Idan sabon tauraro ya fara zafafa kewayensa, sai ƙanƙarar ta tashi, abin da ta ƙunsa ya watsu cikin iska, kowane sinadari yana fitar da irin nasa alamun rediyo. Da irin waɗannan alamu masana suka gano amoniya a sararin samaniya a 1968, da etanol cikin gajimaren Sajitariyus B2 a 1975. Yanzu na'urar ALMA da ke hamadar Atakama a ƙasar Cile, mai faifai 66, tana bin sawunsu.

Mafi yawan abin da zafi ya bayyana, sanyi ne ya tara shi. Amma kuma zafin yana haɗa wasu sababbin sinadarai daga waɗanda ya tarar. Ba ya gina komi daga babu.

Haka ɗan Adam yake. Muƙami da kuɗi da bala'i suna aiki ne da abin da suka iske a zuciya. Wanda ya saba riƙon amanar dala biyar a ɓoye, shi ake sa ran zai riƙe ta miliyan a bainar jama'a. Don haka iyaye da malamai, kada mu raina shekarun da ba wanda ke kallon yaro, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kowanenmu kuma ya duba abin da yake tarawa a lokacin sanyi, tun zafi bai zo ba.

Allah Ya sa mu dace.