TARO NA ƘARSHE NA 'YAN MAZAN JIYA

Kowace shekara ran 15 ga Janairu a kan tara tsofaffin soja a manyan garuruwan Nijeriya, har da Kano, domin tunawa da 'yan mazan jiya. A kan yi fareti, a busa begila, manya su ajiye furanni, a saki tantabaru, kāna kowa ya koma gida. Dā ran 11 ga Nuwamba a ke yin wannan taro, bisa ga al'adar Ingila, amma daga bisani aka mai da shi ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970.

Wanda ya saba zuwa kallo zai lura da abu guda, watau sahun tsofaffin nan yana ta raguwa. Lissafin kuwa ba shi da wuya. Yaron da ya shiga soja a 1943 yana da shekara 18, a 2025 ya cika shekara 100. Saurayin da ya ɗauki bindiga a 1967 yana da shekara 20, shi ma tamanin ta ƙwanƙwasa masa ƙofa. Lalle akwai wata shekara da 'yan Burma za su tsaya tare, daga ita ba za su ƙara ba. Watakila ma a garuruwa da yawa shekaran nan ta riga ta wuce.

A Amurka akwai waɗansu mayaƙan sama su 80 da suka kai hari Japan a 1942 a ƙarƙashin wani hafsa mai suna Doolittle. An yi musu kofunan azurfa 80, kowa da sunansa. In ɗaya ya rasu sai a kife kofinsa. Ran 9 ga Nuwamba 2013, da saura mutum huɗu kaɗai, uku suka taru suka ce wannan shi ne na ƙarshe. Na ƙarshensu ya rasu a 2019. Su dai sun san ranar sallamarsu, sun kuwa shirya mata. Namu tsofaffi ba wanda ya ke yi musu shela. Sai bayan abin ya wuce mu ke waiwaya mu ce, ashe bara ne na ƙarshe.

Tambayar da ke gabanmu ita ce, mene ne hakkin mutanen nan a kanmu, tun da sauran numfashinsu?

Su Wane Ne Su?

Bari mu fara tuna ko su wane ne, gama yaran yanzu da yawa ba su sani ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda iyayenmu su ke kira yaƙin Hitila, Turawan Ingila suka ɗebi samari daga Nijeriya, da Gwalkwas wadda ta zama Gana, da Saliyo, da Gambiya. Waɗansu suka fara yaƙi da Italiya a Somaliya da Habasha a 1941. A 1943 aka kafa manyan runduna biyu, ta 81 da ta 82, aka sa su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can zuwa Burma, ƙasar da a ke kira Miyanma yanzu, domin su kara da Japan. Wajen mutum 90,000 ne daga Afirka ta Yamma, fiye da rabinsu kuwa 'yan Nijeriya.

Sun sha wuya ƙwarai. A kwarin kogin Kaladan a 1944 babu hanyar mota, sai kurmi da duwatsu da ruwan sama. Abinci da harsashi daga jirgin sama a ke jefo musu. Dubbai daga cikinsu ba su riƙe bindiga ba, aikinsu ɗaukar kaya a kā, suna bin masu bindiga har bakin wuta. Bataliya uku na Nijeriya suka shiga can bayan abokan gaba tare da rundunar da a ke kira Chindit. A Janairu 1945 rundunan nan biyu suka ci garin Myohaung.

Sunayen wuraren nan suna tare da mu har wa yau, ko da shi ke mun manta asalinsu. Barikin Chindit a Zariya, barikin Dalet a Kaduna, barikin Dodan da na Myohaung a Ikko, duka daga yaƙin Burma suka samo suna. A nan Sabon Gari akwai titin da a ke kira Burma Road. Barikin Bukavu da ke gefen Fagge sunan wani gari ne a Kwango, ƙasar da sojanmu suka tafi aikin kiyaye salama daga 1960 zuwa 1964. Mutum ya kan faɗa wa mai Keke NAPEP sunan nan sau goma, bai taɓa tambaya ko wa ya mutu a can ba.

Masu Cewa A Manta

Akwai masu cewa a bar maganan nan ta mutu tare da masu ita. Hujjarsu kuwa ba ta banza ba ce, ya kamata mu saurare ta.

Na fari, sun ce yaƙin ba namu ba ne. Sarkin Ingila ne ya ke jayayya da Sarkin Japan a kan wata ƙasa wadda ba ta ɗayansu ba ce. Ba kowane saurayi ne ya tafi da son ransa ba. Wani talauci ya kore shi, wani hakimi ne ya ba da sunansa domin a cika adadin da aka ɗora wa ƙasarsa. Da suka komo kuma, kuɗin sallamar baƙin soja bai kai na Bature ba, ko da girmansu ɗaya. A Ankara ta Gana ran 28 ga Fabrairu 1948 tsofaffin soja suka fita neman hakkinsu, aka harbe uku, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. A Thiaroye ta Senigal ran 1 ga Disamba 1944 sojan Faransa suka buɗe wuta a kan baƙaƙen sojan da suka komo daga Turai suna neman albashinsu. To, in ji masu wannan hujja, mene ne abin biki a nan?

Na biyu, sun ce ba dukan abin da mai kaki ya yi ne abin yabo ba. Mutanen Kano ba su bukatar a koya musu wannan. A farkon Oktoba 1966 waɗansu sojan da ke Kano suka yi tawaye, suka kashe Ibo da yawa a filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa da cikin Sabon Gari. Bayan wata tara yaƙin basasa ya tashi, ya ci wata 30. Yau a majami'a guda a Sabon Gari a kan sami wanda ubansa ya yi wa Tarayya yaƙi yana zaune kusa da wanda ubansa ya yi wa Biyafara. Ashe tone-tone ba zai ta da tsohon miki ba? Hausawa ma sun ce wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Mutum Dabam, Yaƙi Dabam

Amsa ta fari ita ce, girmama mutum ba yabon yaƙi ba ne. Yaron ƙauye da aka aza wa akwatin harsashi a kā ba shi ne ya shirya yaƙin ba, ba a kuwa yi shawara da shi ba. In an cuce shi wajen ɗauka, an kuma cuce shi wajen biya, wannan ƙara nauyin bashin ya ke yi. Turawa sun tafi tun 1960. In mu kuma muka juya masa baya domin yaƙin na Turawa ne, mun zama masu cuta na biyu, mun ƙarasa abin da na fari suka fara.

Masu karatu za su tuna da labarin Dawuda, sa'ad da ya yi marmarin ruwan rijiyar Baitalami, jarumawansa uku suka keta sansanin Filistiyawa suka ɗebo masa. Ya ƙi sha, gama ya ga kamar jinin mutanen ne a cikin ƙwaryar. Dawuda bai yabi ƙishirwarsa ba, amma ya san tamanin ran waɗanda suka tafi. Hakanan ya kamata mu yi. Muna iya ƙin dalilin yaƙi sarai, mu kuma ƙi raina waɗanda aka aika.

Amsa ta biyu ita ce, mantuwa ba ta warkad da miki, rufe shi kaɗai ta ke yi. Wanda ya ga yaƙi da idonsa ba safai ya ke marmarinsa ba. Ku lura da tsofaffin nan in sun taru. Sunan wane da wane da ba su komo ba su ke kira, su yi maganar yunwa da ƙaiƙayi da zazzaɓi, su yi dariya kaɗan, kāna su yi shiru. Masu zafin bakin yaƙi galibi waɗanda ba su taɓa binne aboki a daji ba ne. Ran da mashaidi na ƙarshe ya kwanta dama, labarin zai koma hannun maroƙa da 'yan siyasa, su kuwa ba su faɗin ƙaiƙayi da kuka. Domin wannan ne taro na ƙarshe ya ke da nauyi. Daga ranan nan babu sauran mai cewa, ƙarya ne, ina wurin.

Abin Da Suka Gani

Akwai kuma wani abin da suka gani wanda Fagge da Sabon Gari su ke bukata. Fagge tsohon zango ne na fatake da Azbinawa. Sabon Gari kuwa an kafa shi wajen 1913, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, domin baƙi daga kudu, tsofaffin soja ma suna cikin mazaunansa na fari. Yau ƙaramar hukuma ɗaya ce ta haɗa su, kasuwa kuma tana haɗa su kowace safiya. Duk da haka a Mayu 1953, shekara takwas kaɗai bayan an gama yaƙin Burma, a tsakanin unguwannin nan biyu aka yi kwana huɗu ana faɗa, hukuma ta ƙidaya gawa 36. An sake a 1966, an sake a 1991.

A Burma fa, Bahaushe da Tibi da Bayarabe da Ibo da Babarbare a rami guda suka kwana, Hausar bariki ce ta ke haɗa yawancinsu. Mai salla da mai zuwa sujada gora ɗaya suka sha. Harsashi bai tambayi kowa garinsu ba.

Ga misali wanda a ke da shi a rubuce. Isaac Fadoyebo, yaro ne Kirista daga ƙasar Owo, yana aikin jiyya a rundunar 81. A Maris 1944 Japanawa suka auka musu a bakin Kaladan, suka farfasa masa ƙafa, aka bar shi a kan ya mutu. Shi da wani ɗan Saliyo, David Kagbo, wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɗauke su ya ɓoye a gidansa, yana ciyad da su, ya kuwa sani in Japanawa suka gane, shi da iyalinsa sun halaka. Wajen wata tara suna ɓoye kafin a cece su. Isaac bai sake ganinsa ba. Sai a 2011 wani ɗan jarida, Barnaby Phillips, ya kai wasiƙarsa ta godiya ƙauyen, ya tarar Shuyiman ya daɗe da rasuwa, 'ya'yansa ne suka karɓa da hawaye. Isaac ya rasu a 2012.

Da ba a tambayi tsohon nan ba, da labarin ya bi shi kabari. Labari nawa irinsa ke kwance yanzu a zaurukan Fagge da ɗakunan haya na Sabon Gari? Yaron da ya ji daga bakin kakansa cewa wani mai addini dabam ne ya goya shi ya fid da shi daga wuta, da wuya a ba shi fetur ya ƙone shagon maƙwabci. A Amurka a 1938, shekara 75 bayan babban yaƙin Gettysburg, aka tara tsofaffin sojan kudu da na arewa wajen 1,800 a fagen da suka kashe juna, suka gaisa hannu da hannu. Namu na yaƙin basasa ba za su kai shekara 75 ɗin da yawa ba. In za a yi, yanzu ne.

Abin Da Za Mu Yi

Ya ku 'yan'uwa, bashin nan iri biyu ne, dukansu kuwa ba a biyansu ga gawa.

Na ɗaya na jiki ne. Furen da aka ajiye ran 15 ga Janairu kafin 17 ya bushe. Tsohon soja kuwa yana bukatar tuwo da magani da mai kai shi asibiti dukan shekara. In fanshonsa ya makale, a sami ɗaya cikin masu ilimi na unguwa ya bi masa takardu. In ya riga ya tafi, gwauruwarsa tana nan. Kada a tambayi ko wace runduna ya yi wa yaƙi, ko wace alƙibla ya ke fuskanta. Zumunta a ƙafa ta ke.

Na biyu na kunne ne. A aiki samari biyu biyu su zauna wurinsa da littafi da alƙalami, ko da wayar hannu mai ɗaukar murya. Su tambayi sunan garinsu, da shekarar da ya shiga, da wuraren da ya taka, da sunan abokan da bai komo da su ba. Kada su nemi labarin jaruntaka kaɗai. In ya faɗi abin da ya ke da nauyi, ko abin da ya yi wanda ya ke hana shi barci, kada a gyara masa, kada kuma a tsawata. In ya ƙi magana, a bar shi, a komo wani mako. Abin da aka rubuta a ajiye shi wurin da jikoki za su same shi.

Ba mu da kofunan azurfa, ba kuwa za a gaya mana wace shekara ce ta ƙarshe ba. Saboda haka sai mu ɗauki kowace gaisuwa kamar ita ce. Wanda ya san wani tsohon soja a layinsu, kada ya jira Janairu. Ya tafi cikin makon nan.