Wa ake kallo a taron barkwanci?

Ranar 30 ga Oktoba 2010, mutane sama da 200,000 suka cika babban filin Washinton, hedkwatar Amurka. Ba ɗan takara ba ne ya kira su. Jon Stewart da Stephen Colbert ne, masu ba da dariya a talabijin, suka shirya gangami domin yi wa siyasar hargowa da tsoratarwa ba'a, kwana uku kafin zaɓen majalisa.

Saboda yawan jama'a, da dama ba su hangi dandali ba, balle su ji abin da ake faɗa. Sai suka koma kallon juna. Ga dattijuwa da jikarta, ga ɗalibi cikin shigar dodanni, ga mai riƙe da allo yana roƙon a rage murya in za a yi gardama. Ƴan kallo suka zama su ne wasan.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san wasan kara na Damagaram, inda samari ke yin kayan mulki da karan hatsi, su kwaikwayi tafiyar manya da maganarsu. A can ma rabin daɗin yana fuskokin masu kallo: wane ne ya yi dariya, wane ne ya sunkuyar da kai.

Tambayar ita ce: me dariyar taro take yi wa mai yin ta? Tana da amfani, babu shakka. Wanda ya ga dubban mutane suna dariyar abin da ke ba shi tsoro, zai gane ba shi kaɗai ba ne, kuma mai mulki mutum ne. Amma tana da tarko. Mai dariya kan ɗauka cewa wauta tana wajen wasu, hankali kuwa yana wajensa. Ke nan ya faɗa cikin ɓangarancin da ya zo yi wa ba'a. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Tarko na biyu ya fi wannan haɗari: dariya ta zama hutu daga nauyi. Mutum ya yi tafi, ya koma gida da sanyin zuciya, yana jin ya sauke farilla. Ranar 2 ga Nuwamba jam'iyyar Rifabilikan ta ƙwace majalisar wakilai da ƙarin kujeru 63. Ƙuri'a aka ƙirga, ba tafi ba.

Saboda haka ma'aunin barkwancin siyasa ba ƙarfin shewa ba ne. Abu biyu ne: ko mai dariya ya yarda shi ma yana cikin abin dariyar, da kuma abin da zai yi in gari ya waye. Malamin da ke shirya wasan kwaikwayo da ɗalibansa ya kamata ya tambaye su waɗannan biyu kafin su hau dandali.