Wa Ya Ɓoye Ilimin Darbejiya?

Malamanmu sun sha jan kunnenmu cewa ɓoye ilimi zunubi ne, kuma na yarda da haka ɗari bisa ɗari. To idan haka ne, da wace hujja wata al'umma za ta ce sanin amfanin wani ganye nata ne, ba mai taɓa shi sai da izininta? Allah ne ya tsirar da itacen, Shi ya sanya waraka a cikinsa. Tambaya ce mai nauyi, ba ta raini ba.

Labarin darbejiya ne ya warware mini ita. Itacen nan da ke inuwantar da titunanmu daga Maiduguri har Maraɗi asalinsa daga yankin Indiya ne, kuma manoman can sun daɗe suna kare amfanin gona da shi tun kaka da kakanni. Ba su ɓoye wa kowa ba. A 1994 ofishin rajistar ƙirƙira na Turai ya ba kamfanin W.R. Grace da ma'aikatar gona ta Amurka takardar mallaka kan wata hanyar kashe funfunar shuka da man darbejiya. Vandana Shiva, 'yar gwagwarmaya daga Indiya, da abokan gwagwarmayarta suka kai ƙara. Aka soke takardar a 2000, aka ɗaukaka ƙara, sai 2005 magana ta mutu.

Wanda ya ɓoye ilimi a nan shi ne mai takarda, domin amfanin takardar duka shi ne hana wasu. Abin da al'umma ke nema ya fi kama da waƙafi: rijiyar da kakanni suka haƙa, kowa ya ɗiba, amma ba mai kewaye ta da katanga ya riƙa sayar da ruwan. Zuriyar da ta riƙe rijiyar tana da hurumin cewa a'a.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne halin waɗanda iliminsu a baki yake. Mutanen San na hamadar Kalahari sun san tsiron hoodia yana kashe yunwa lokacin farauta. Cibiyar binciken kimiyya ta Afirka ta Kudu ta yi rajistar sinadarinsa ba tare da ta tuntuɓe su ba, sai a 2003 aka amince a ba su kashi 6 cikin 100 na kuɗin da cibiyar za ta samu daga cinikin. Indiyawa na da tsofaffin littattafai da za su baje a gaban alƙali. San ba su da su, haka ma ungozoma da maɗori da mai sassaƙe a kasuwar ƙauyenmu.

An yi yarjejeniyar Nagoya kan raba ribar irin wannan ilimi da masu shi a 2010, kuma a 2024 hukumar kare haƙƙin fasaha ta duniya ta amince mai neman rajista ya bayyana inda ya samo tsiro da ilimin. Na yi maraba da su. Sai dai gwamnatoci ne ke sa hannu, kuma gwamnati ba ita ta gaji sanin nan ba. Ina so a nemi izinin daga bakin masu shi, a garinsu, da harshensu, su kuma sami ikon ƙi.